Azumi kafin tiyata da awon tumbi da na'urar ekografi

Duk wanda aka sa wa ranar tiyata, ko fiɗa kamar yadda ake cewa a Nijar, yana jin umarni guda daga bakin ma'aikatan asibiti: kada ya ci kome kafin a shiga da shi. A asibitocin Nijar, Kamaru, Chadi da Benin, takardar da ake ba majiyyaci tana ɗauke da kalmar Faransanci "à jeun", wato ciki ba abinci. Wannan azumi na likita yana da ƙa'idoji da aka ƙayyade da awa, kuma tun daga shekarar 2009 likitocin sa barci sun samu hanyar leƙa tumbi da na'urar ekografi, wadda a Najeriya da Ghana aka fi sani da sikanin, don ganin ko akwai sauran abinci a ciki kafin a sa mutum barci.

Dalilin hana ci

Hanyar abinci da hanyar iska suna haɗuwa a maƙogwaro. Idan mutum yana farke, jikinsa na kare huhu da kansa: ƙofar hanyar iska tana rufewa a lokacin haɗiya, kuma in ruwa ya sarƙe shi sai tari ya fito da shi nan take. Akwai kuma wata tsoka mai kama da zobe a bakin tumbi da ke hana abin da ya shiga dawowa sama. Maganin sa barci yana kashe tari da haɗiya, yana kuma sassauta wannan tsoka. Idan tumbi a cike yake, abin da ke ciki na iya kwararowa zuwa maƙogwaro ba tare da yunƙurin amai ba, ya gangara cikin huhu.

Illar takan zo ta fuska uku. Gutsuren abinci mai tauri, kamar nama, yana iya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ruwan tumbi mai tsananin tsami yana ƙona huhu cikin ƴan awoyi, numfashi ya yi wuya, iskar oksijin ta yi ƙasa a jini. Daga baya kuma ƙwayoyin cuta na iya haddasa ciwon huhu mai zazzaɓi.

Abin ba ya faruwa da yawa, amma in ya faru yana da nauyi. Wani bincike da aka buga a 1993 daga asibitin Mayo na Amurka ya duba tiyata 215,488 da aka yi da cikakken barci. An samu irin wannan haɗari sau 1 a cikin kowace 3,216. A tiyatar gaggawa ya kai sau 1 cikin 895, a tiyatar da aka shirya kuwa sau 1 cikin 3,886. A Birtaniya, wani babban bincike na ƙasa da aka fitar a 2011 kan matsalolin hanyar numfashi ya gano cewa shigar abin tumbi cikin huhu ita ce ta fi kowane dalili jawo mutuwa a irin waɗannan matsaloli lokacin sa barci.

Yadda ƙa'idar ta samo asali

A 1883, likitan fiɗa na Ingila Joseph Lister ya ba da shawarar cewa kada a samu abinci mai tauri a tumbi lokacin da za a shaƙa wa majiyyaci kulorofom, amma yana da kyau a ba shi kofin shayi ko romo kimanin awa 2 kafin aikin. Tun a wancan zamani, ke nan, ana bambanta abin ci da abin sha.

A 1946, likitan mata Curtis Mendelson na birnin New York ya buga rahoto kan haihuwa 44,016 da aka yi a asibitinsu daga 1932 zuwa 1945. Mata 66 ne abin tumbinsu ya shiga huhu, biyu kuma suka rasu saboda abinci mai tauri ya toshe musu hanyar iska. Har yau ana kiran ƙonewar huhu da ruwan tumbi da sunansa. Bayan wannan rahoto asibitoci suka tsananta, har zuwa shekarun 1960 umarnin "kada a ci kada a sha daga ƙarfe 12 na dare" ya zama ruwan dare, saboda yana da sauƙin rubutawa da sauƙin bi.

Bincike ya nuna cewa tsanantawar ta wuce kima a ɓangaren ruwa. A 1986, Roger Maltby da abokan aikinsa a Kalgari ta ƙasar Kanada suka ba majiyyata mililita 150 na ruwa awa 2 da rabi kafin tiyata, suka tarar ruwan da ya rage a tumbinsu bai kai na waɗanda suka kwana ba su sha kome ba. Dalili shi ne tumbi na tatsar ruwansa dare da rana ko an ci ko ba a ci ba, ruwa zalla kuma yana wucewa hanji da sauri, rabinsa cikin minti 20 ko ƙasa da haka. A 1999 Ƙungiyar Likitocin Sa Barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin da aka fi bi a yau, ta sabunta su a 2011, 2017 da 2023.

Awa nawa ake jira

Ga mai lafiya da za a yi wa tiyatar da aka shirya, ƙa'idar ita ce:

Awa 2 bayan abin sha mai garau: ruwa, shayi ko gahawa marasa madara, da ruwan ƴaƴan itace da aka tace har ana ganin ƙasan kofi.

Awa 4 bayan nonon uwa.

Awa 6 bayan madarar gwangwani ta jarirai, madarar shanu, ko abinci mara nauyi kamar burodi da shayi.

Awa 8 ko fiye bayan nama, soyayyen abinci ko abinci mai maiƙo.

A Turai an sassauta wa yara. A 2018 ƙungiyoyi uku na likitocin sa wa yara barci, har da ta masu magana da Faransanci, suka amince yaro ya sha ruwa mai garau har zuwa awa 1 kafin aiki. Ƙa'idar Turai ta 2022 ta tabbatar da hakan, ta kuma rage jiran nonon uwa zuwa awa 3. Kowane asibiti yana da ƙa'idar da yake bi, kuma ita ce iyaye za su bi.

Inda ake yawan samun kuskure a yankunan Hausa shi ne ma'anar "abin sha". Kunu, koko, fura da nono duk shan su ake yi, amma a lissafin likita abinci ne, domin suna da gari ko madara. Madara tana daskarewa idan ta haɗu da tsamin tumbi, sai ta jima kamar abinci mai tauri. Shayin mai shayi da aka zuba wa madara ya fita daga rukunin awa 2 ya koma na awa 6. Tuwo da miyar nama, kilishi, tsire, ƙosai da soyayyar doya suna rukunin awa 8. Goro ma ana haɗiye gutsattsarinsa, don haka a faɗa wa likita in an ci.

Azumin likita kuma ya bambanta da na ibada. Wanda ya yi sahur da shinkafa da nama da asuba, aka kuma sa masa tiyata da ƙarfe 9 na safe, bai cika awa 8 ba. A ɗaya ɓangaren, azumin likita ya yarda a sha ruwa har zuwa awa 2 kafin aiki, har ma ana so a sha. Doguwar ƙishirwa a ƙasa mai zafi tana kawo bushewar jiki, ciwon kai da faɗuwar bugun jini lokacin da aka sa barci, tana kuma sa jijiya ta yi wuyar samu wajen sa ƙarin ruwa. Ƙananan yara da masu ciwon sukari na iya fuskantar faɗuwar sukari a jini.

Ƙa'idar ta shafi wanda za a yi wa allurar baya, irin wadda ake yi wa mata a tiyatar haihuwa, duk da cewa ba za a sa shi barci ba. Allurar na iya ƙin kamawa ko aikin ya tsawaita, dole a koma cikakken barci. Haka nan allurar ketamin, wadda ake yawan amfani da ita a ƙananan asibitoci, ba ta ba da tabbacin kare huhu.

Inda lissafin awa ba ya wadatarwa

An gina waɗannan ƙa'idoji a kan mutum mai lafiya wanda tumbinsa ke aiki daidai. Akwai yanayi da dama da ke rage saurin fitar abinci daga tumbi: ciwon sukari da ya daɗe har ya taɓa jijiyoyin tumbi, ciwon ƙoda mai tsanani, naƙuda, tsananin zafin ciwo, magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su morfin, da toshewar hanji. Wanda ya yi haɗarin babur ko mota jim kaɗan bayan cin abinci, tumbinsa na iya tsayawa cik daga lokacin haɗarin. Shi ya sa likitoci ke ƙirga tazarar da ke tsakanin cin abinci da haɗarin, domin awoyin da ya yi kwance a asibiti bayan haka ba su da tabbas.

Ko a cikin waɗanda suka bi ƙa'ida ana samun masu cikakken tumbi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya auna majiyyata 538 da suka yi azumi yadda aka ce kafin tiyatar da aka shirya, ya tarar kashi 6.2 cikin ɗari suna da abinci mai tauri ko ruwan da ya wuce kima.

Sabbin allurai na ciwon sukari da rage ƙiba, irin su semagilutid da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, sun ƙara dagula lissafin, domin suna jinkirta fitar abinci daga tumbi. A watan Yunin 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ba da shawarar a dakatar da allurar mako-mako na tsawon mako guda kafin tiyata. A watan Oktoban 2024 ita da wasu ƙungiyoyin likitoci suka fitar da sabuwar shawara: yawancin majiyyata za su iya ci gaba da maganin, waɗanda haɗarinsu ya fi yawa su tsaya a kan abinci mai ruwa-ruwa na awa 24 kafin aiki, kuma a duba tumbi da ekografi idan ana shakka.

Sai kuma waɗanda ba za su iya faɗin lokacin da suka ci abinci ba: yaro ƙarami, tsoho mai mantuwa, wanda ya suma, da majiyyacin da ya tsallaka iyaka neman magani ya tarar da likitan da ba su jin yaren juna.

Yadda ake awon

Tun 1985 Luigi Bolondi da abokan aikinsa a Italiya suka yi amfani da ekografi wajen auna saurin fitar abinci daga tumbi. Waɗanda suka shigo da dabarar ɗakin tiyata su ne Anahi Perlas a Toronto ta Kanada, da rahotonta na 2009, da Lionel Bouvet a birnin Liyon na Faransa.

Ana amfani da kan na'ura mai lanƙwasa, mai ƙarfin megahaz 2 zuwa 5, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi. Ga ƙananan yara ana amfani da miƙaƙƙen kai mai ƙarfi fiye da haka. Likita na shafa man awo a saman ciki, ƙasan ƙashin ƙirji kaɗan, ya ɗora kan na'urar a tsaye. Abin da yake nema shi ne ɓangaren ƙarshe na tumbi, dab da mashigar hanji, wanda likitoci ke kira antirom. Yana gane shi da maƙwabtansa: ɓangaren hagu na hanta a gabansa, babbar jijiyar jini ta awota a bayansa. An zaɓi wannan wuri ne saboda yana kusa da fata kuma iska ba ta cika rufe shi ba.

Ana dubawa sau biyu, da farko majiyyaci na kwance rigingine, sannan ya juya ya kwanta a kan gefensa na dama. A wannan kwanciya ta biyu duk abin da ke tumbi yana gangarowa zuwa antirom, iska kuma ta tashi sama. Saboda haka ba a yanke hukuncin cewa tumbi wayam yake sai an duba ta gefen dama. Aikin duka yana ɗaukar ƴan mintoci, ba zafi, ba kuma hasken da ke cutar da jiki.

Abin da hoton ke nunawa

Tumbin da ba kome a ciki yakan fito ƙarami, a shafe ko a zagaye, bangonsa na gaba da na baya sun haɗe. Ruwa mai garau yana buɗe shi, cikinsa ya fito baƙi wuluk, wani lokaci da ɗigo-ɗigon fari na kumfar iska idan ba a jima da sha ba. Madara da kunu suna fitowa da haske-haske iri ɗaya. Abinci mai tauri da aka ci ba da jimawa ba yana gauraye da iskar da aka haɗiya, sai bangon gaba ya yi haske, abin da ke bayansa ya dushe kamar hazo. Bayan wani lokaci iskar takan tafi, abincin ya bayyana a cakuɗe, wani wuri fari wani wuri duhu.

Idan ruwa ne kawai, akwai matakai uku da Perlas ta tsara a 2011. Mataki na 0: ba a ga ruwa a kwanciya ko ɗaya ba. Mataki na 1: an ga ruwa a gefen dama kaɗai, wanda galibi ruwan tumbi ne na yau da kullum. Mataki na 2: an ga ruwa a kwanciya biyun, alamar cewa yana da yawa.

Ana iya ƙiyasta yawansa da lissafi. Likita na tsayar da hoton a lokacin da tumbi bai matse ba, ya auna faɗin fuskar antirom da murabba'in santimita daga bangon waje zuwa bangon waje. Lissafin da aka tabbatar a 2013 shi ne: a ninka wannan faɗi da 14.6, a ƙara 27, sannan a cire shekarun majiyyaci da aka ninka da 1.28. Sakamakon shi ne mililita na ruwan da ke tumbi. An gina lissafin a kan manya marasa juna biyu, kuma yana aiki har zuwa mililita 500.

Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce mililita 1.5 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Misali, ga mutum mai shekara 40 da nauyin kilo 70, iyakarsa mililita 105 ce. Idan faɗin ya kai murabba'in santimita 6, lissafi zai ba da kimanin mililita 63, wato yana ƙasa da iyaka. Idan ya kai 10, zai ba da kimanin mililita 122, ya haura iyaka ke nan. A Faransa, Bouvet ya nuna a 2011 cewa idan aka auna majiyyaci a kishingiɗe, faɗin da ya wuce murabba'in milimita 340 yana nuna tumbi mai haɗari.

Hukuncin da ke biyo baya

Idan tumbi wayam yake, ko ruwan bai kai iyaka ba, ana ci gaba da aiki yadda aka tsara. Wannan yana hana soke tiyata a banza, abin da ke da tsada ga iyalin da suka yi tafiya mai nisa suka kuma biya kuɗin masauki.

Idan an ga abinci mai tauri komai ƙanƙantarsa, ko ruwa ya haura iyaka, kuma tiyatar ba ta gaggawa ba ce, ana ɗage ta. Ruwa zalla yakan wuce cikin awa 1 zuwa 2, sai a sake dubawa. Abinci mai tauri yana iya sa a ɗage zuwa wata rana.

Idan tiyatar ba za ta jira ba, likita na sauya salon sa barci. Yana iya zaɓar allurar baya ko kashe ɓangaren jikin da za a yi wa aiki kaɗai. In cikakken barci ya zama dole, ana bin hanyar gaggawa: a cika huhu da oksijin, a ba da maganin barci da na sakin tsoka a jere da sauri, a zura bututun numfashi mai balan-balan da ke toshe hanyar iska daga abin da zai taso. Wasu likitoci na haɗawa da danna maƙogwaro daga waje, dabarar da Brian Sellick na Ingila ya bayyana a 1961. Ana iya zuƙe ruwan tumbi da siririn bututu ta hanci, ko da yake ba ya fitar da abinci mai tauri, ana kuma ba da magungunan rage tsami. Ba a cire bututun numfashi sai majiyyaci ya farka sosai, domin haɗarin yana nan a lokacin farkawa.

Iyakokin awon

Ekografi ba ta auna tsamin ruwan tumbi. Sakamakonta ba abin dogaro ba ne ga wanda aka taɓa yanke wa wani ɓangare na tumbi, ko wanda babban ɓangaren tumbinsa ya haura cikin ƙirji. A ƙarshen juna biyu mahaifa na ture tumbi sama, abin da ke sa awon ya ƙara wuya. Ga wanda hanjinsa ya toshe ko ya huje, kamar yadda zazzaɓin taifod kan jawo, likita na ɗaukar tumbin a matsayin cikakke ko me hoto ya nuna.

Awon na bukatar horo. Wani bincike na 2013 a Toronto ya ƙiyasta cewa likitan sa barci na bukatar duba majiyyata kimanin 33 a ƙarƙashin kulawar gwani kafin ya riƙa gane abin da ke tumbi daidai sau 95 cikin 100. Kuskure mafi haɗari shi ne a ce tumbi wayam yake alhali ba haka ba ne. Don haka ba a ɗauki awon a matsayin madadin azumi ba, kuma ba a yi wa kowane majiyyaci. Ana yin sa ne idan an yi shakka.

A ƙasashen yankin Sahel likitocin sa barci kaɗan ne, yawancin aikin a asibitocin gundumomi yana hannun ƙwararrun ma'aikatan jinya da aka horar. Na'urar da ake bukata, a asibitin da ke da ita, sau da yawa tana ɗakin awon masu juna biyu, kuma kanta iri ɗaya ne da wanda ake duba tumbi da shi. Jerin tambayoyin kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 don ɗakunan tiyata ya ƙunshi tambaya kan haɗarin shigar abin tumbi cikin huhu, wadda ake yi kafin a sa kowane majiyyaci barci, ko da na'ura ko babu.

Abin da ake bukata daga majiyyaci da mai jinya

A tambayi ma'aikatan asibiti ainihin ƙarfen da za a daina ci da wanda za a daina sha, domin lokuta biyu ne daban. A faɗi duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya da alluran rage ƙiba, a kuma tambayi wanne za a sha da safiyar aiki da ɗan kurɓin ruwa, musamman na hawan jini da na sukari. Mai shayarwa ta lura da lokacin da jariri ya saki nono na ƙarshe.

Idan an manta an ci, ko mai jinya ya tausaya wa yaro mai kukan yunwa ya ba shi kunu ko biskit, a faɗa wa likita abin da aka ci, yawansa da lokacinsa. Da wannan bayani likita zai iya ɗage aikin na ƴan awoyi, ya duba tumbin da ekografi, ko ya sauya salon sa barci. Idan an ɓoye, zai bi tsarin mai tumbi wayam, ba tare da ɗaukar waɗannan matakan kariya ba.